Wane Inji Za Mu Sa Wa Motar Ƙungiya?

Darasi domin taron wata na ƙungiyoyin gama kai

Karatu: Luka 14:28-30, Markus 2:21-22

Manufar darasi: Mu koyi yadda za mu zaɓi inji domin motar ƙungiya bisa ga aikin da muke yi, da wurin da muke zaune, da ƙarfin asusunmu.

Gabatarwa

Ƙungiyoyinmu da dama suna da mota a-kori-kura, galibi tsohuwar Toyota Hilux wadda aka shigo da ita kwance daga Turai. Ita ce take kawo taki da damina. Ita ce take kai masara da dankali da citta kasuwa da kaka. Ƙofar direbanta kuma ake bugawa da tsakar dare in naƙuda ta yi wa mace gardama. Saboda haka ran da injin wannan mota ya mutu, dukan gari yakan ji a jikinsa.

Wata ƙungiya ta rubuto mana takarda. Injin motarsu na gas ne marar turbo. An sauke shi sau biyu an gyara, har yanzu yana shan baƙin mai, ba ya iya hawan tudu da kaya. Bodi da shasi kuwa lafiya lau. Suka aiki mutum biyu kasuwar kayan mota a birni. 'Yan aike suka komo da labari cewa sun ga injuna biyu masu turbo, ɗaya ana ce da shi 2L-T, ɗaya kuma 1KZ-TE. Nan taro ya rabu biyu. Samari suna son babban, gama mai sayarwa ya ce da su motar za ta tashi kamar jirgi. Ma'aji da dattawa suna tsoron kuɗi. Suka roƙe mu mu raba gardama. Mun ga ya fi kyau mu amsa a wannan shafi, domin abin da ya same su yau zai sami waɗansu gobe.

A karatunmu na fari Ubangiji ya kawo misalin mai gini wanda ya soma aiki bai yi lissafi ba, aikin ya tsaya a tushe, ya zama abin ba'a. Na biyu yana magana a kan abin da yakan faru in an haɗa sabon abu mai ƙarfi da tsohon abu da ya gaji. Ma'anar waɗannan ayoyi ta fi zancen mota nesa ba kusa ba. Duk da haka hikimar da ke cikinsu ta shafi kuɗin jama'a da aka danƙa a hannunmu.

1. Mene ne turbo?

Inji yana samun ƙarfinsa ta wurin ƙona mai da iska. Ku tuna da maƙeri. Gawayinsa yana ci a hankali, amma da yaro ya kama zugazugi sai wuta ta yi ja har ta narka ƙarfe. Turbo shi ne zugazugin inji.

A cikinsa akwai ƙananan farfela biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da yake fita daga inji, wanda dā zai bi salansa ya tafi a banza, shi ne yake juya farfela ta fari. Ta biyun kuwa tana tsotso iska daga waje tana ɗura ta cikin inji da ƙarfi. Da yake iska ta ƙaru, sai a ƙara mai, ƙarfi kuma ya ƙaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905.

Amfanin turbo ya fi fitowa a kan tudu. Iyakar hawan mutum, iyakar raguwar nauyin iska. Inji marar turbo yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 da aka hau. Birnin Jos yana bisa tsayin wajen mita 1,200, watau motar da ta taso daga bakin teku ta rasa kusan kashi 12 cikin 100 na ƙarfinta kafin a ɗora mata buhu ko ɗaya. A tudun Mambila abin ya fi haka. Turbo yakan mayar da yawancin wannan hasara.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a bisa baƙin mai take yawo. In man ya yi datti ko ya yanke, ko na ɗan lokaci kaɗan ne, turbo ya lalace. Har wa yau, inji mai turbo ya fi marar turbo yin zafi. Ku riƙe waɗannan abu biyu, watau mai da zafi, gama za mu komo kansu.

2. Injuna biyun

Da fari mu koyi karanta sunayen. Harafin T yana nufin turbo. Harafin E a ƙarshe yana nufin kwamfuta ce take sarrafa famfon mai, abin da makanikai suke kira burenbos. Kada kuma sunan 2L ya ruɗe ku, ba lita biyu ake nufi ba. Yana nufin na biyu a gidan injunan da ake kira L.

Na fari, 2L-T. Ya fito cikin shekarun 1980. Silinda huɗu ne, girmansa cc 2,446, watau lita 2.4. Ƙarfinsa yana tsakanin doki 85 da 95, bisa ga shekarar da aka ƙera shi. Kan injin, wanda makanikai suke kira tof, na baƙin ƙarfe ne. Famfon mansa ba ya bukatar kwamfuta, waya kaɗan ce take zuwa wurinsa. Ɗan gida ɗaya ne da 2L da 3L da 5L, injuna marasa turbo waɗanda aka sa a motocin Hilux da HiAce. Yana da ƙane mai suna 2L-TE wanda yake da kwamfuta.

Na biyu, 1KZ-TE. Ya fito a 1993. Shi ma silinda huɗu ne, amma girmansa cc 2,982, watau lita 3. Ƙarfinsa wajen doki 130 ne, waɗanda aka ƙara musu na'urar sanyaya iska kuwa sukan kai 140 zuwa 145. Ƙarfin jan kaya da yake da shi ya fi na 2L-T da misalin kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kuma yana ba da shi tun inji bai yi kuka sosai ba. Kansa na alminiyam ne. An sa shi a Prado da Hilux Surf da HiAce da waɗansu Hilux. Ya fi na fari laushin tafiya da ƙarancin jijjiga. Shi ma yana da ɗan'uwa, 1KZ-T, mai famfo marar kwamfuta, sai dai bai cika yawa a kasuwa ba.

In zancen ƙarfi ne kaɗai, samari sun yi gaskiya, babu gardama. Amma akwai abu biyu da injunan suka yi tarayya a kai. Ɗaya, dukansu tsofaffi ne, an daɗe da daina sa su a sababbin motoci. Duk wanda kuka gani a kasuwa ya riga ya yi wa wani aiki shekara da shekaru. Biyu, dukansu an san su da tsagewar tof in suka yi zafi fiye da kima. In tof ya tsage, ruwa ya haɗu da wuta, sai a sake buɗe asusu.

3. Tambayoyi biyar kafin a taɓa kuɗi

Tambaya ta fari: Zai zauna a cikin motarmu?

Ku buɗe bonet ku nemi ƙaramin farantin ƙarfe mai lambobin mota. In lambar ta soma da LN, kamar LN106, motar an yi ta domin injin gidan L ne. In ta soma da KZN, an yi ta domin 1KZ. Motar 'yan'uwanmu da suka rubuto LN ce. Wannan yana nufin 2L-T zai zauna a kan ƙafafun tsohon inji, ya haɗu da bakin giya ba tare da wahala mai yawa ba. Abin da za a sake shi ne bututun salansa da bututun iska, a duba kuma kuloci.

Shi kuwa 1KZ baƙo ne a wannan gida. Ƙafafunsa dabam, bakin giyarsa dabam. Tilas mai walda ya yanka ya sake mazauni. Sau da yawa sai an saye shi tare da giyarsa, in kuwa giya ta sake, mai yiwuwa ne sandar da take kai juyi ga tayoyin baya ta bukaci ragi ko ƙari. Akwai wani abu kuma. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu. Motocin ƙasar Japan kuwa sitiyarinsu yana dama. Injin da aka ciro daga motar Japan wayoyinsa da igiyar totur da bututansa an tsara su domin wancan gefe. Ana iya gyarawa, amma aiki ne, aiki kuwa kuɗi ne.

Tambaya ta biyu: Sauran motar za ta iya da shi?

Nan ne misalin tsohuwar riga da sabon ƙyalle ya same mu. Giyar da aka yi domin inji mai doki 80 ko 90 ba ta saba da doki 130 ba. Masu ƙera motar da kansu sun haɗa 1KZ da giya mai nauyi, ta gidan R. In aka bar ƙaramar giya a bayansa, aka kuma ɗora kaya, kuloci ne zai fara ƙonewa, giya ta bi baya.

Ku lura da wannan da kyau. Sabon inji ba ya ƙara wa mota wurin kaya. Hilux motar tan ɗaya ce ko kusa da haka, watau buhu 10 masu kilo 100. Sifirin ɗinta da aksul da tayoyi da birki duk na tan ɗaya ne. Hatsarin babban inji shi ne yana iya jan buhu 18 ya hau tudu ba ya nishi, sai kowa ya ce motar ta iya. Amma abin da ya hau tilas ya gangara, a gangare kuwa inji ba shi da magana, birki ne mai magana. Ku tuna wannan mota ce take ɗaukar matan zumunta zuwa taro. Ran ɗaya daga cikinsu ya fi dukan amfanin gonar shekara.

Tambaya ta uku: Wa zai gyara shi in ya tsaya?

A ganinmu wannan ita ce babbar tambaya. Bakaniken da yake kusa da ku ya san injin gidan L kamar yunwar cikinsa. Ya sha kwance 2L da 3L. Abubuwa da dama na gidan, kamar matatar mai da fambel da kayan gyara na yau da kullum, ana samunsu a garuruwa matsakaita. In 2L-T ya tsaya a daji, bakanike mai sifana da hankali yana iya tashe shi.

1KZ-TE kuwa yana dogara ga kwamfuta da ƙananan na'urori masu gaya mata saurin inji da zafinsa da yawan totur. In waya ɗaya ta tsinke, ko ɓera ya ci ta, ko ruwa ya shiga burenbos a mashigin rafi, motar tana iya ƙin tashi alhali injin lafiyarsa lau. A nan sai gwanin rewaya wanda ya san wannan inji. Ku tambayi kanku, kilomita nawa ne tsakaninku da irin wannan mutum? Nawa za a biya a jawo motar zuwa wurinsa?

Mun san wata ƙungiya da ta sayi irin wannan inji tsirara, ba wayoyi, ba burenbos, domin ya fi araha. Aka ɗora shi, ya ƙi tashi. Aka shiga neman burenbos da ya dace da shi. Motar ta yi dukan kaka a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Dankalin membobi kuwa 'yan kasuwa suka zo har gona suka saya yadda suka ga dama. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Tambaya ta huɗu: Za mu iya sanyaya shi?

Mun faɗa cewa zafi ne ajalin injunan nan biyu. Tsohon lagireto da ya toshe da tsatsa da laka, wanda dā ma da ƙyar yake riƙe inji marar turbo, ba zai riƙe mai turbo ba. Ko wanne kuka zaɓa, ku sa kuɗin lagireto mai kyau cikin lissafi tun daga fari. Na 1KZ tilas ya zama babba daidai da shi. A duba famfon ruwa, da robobin ruwa, da murfin lagireto, da fankar inji. A tabbata kuma agogon zafi da ke gaban direba yana aiki da gaskiya da sabon injin.

Akwai al'adar da ta bazu, ta cire ɗan bawul mai tsare zafin ruwa, wanda ake kira tamostat, wai ƙasarmu da zafi ba a bukatarsa. Muna roƙonku kada ku yarda. Shi ne yake sa ruwa ya bi hanyar da ta kamata, ya kuma riƙe inji a zafin da ya dace da shi. In ya lalace a sayi sabo.

Tambaya ta biyar: Wane aiki muke yi da motar?

Ƙungiyar da take fili, hanyarta ta ƙasa ce mai ramuka inda ba a wuce kilomita 40 ko 50 a sa'a, me za ta yi da doki 130? Jaki ya ishe ta, ba ta bukatar ingarma. Amma ƙungiyar da take hawan dutse kowane mako da cikakken kaya, ko take tafiya mai nisa a kan kwalta zuwa babbar kasuwa, ita za ta ga amfanin babban inji. Ku sani kuma babban inji ya fi shan mai, balle in direba ya ji daɗin taka shi.

4. Zama a yi lissafi

Kuɗin da mai sayarwa ya faɗa muku somin taɓi ne. Farashi yana sakewa kowane wata, saboda haka ba za mu rubuta adadi a nan ba. Magatakarda ya ja layi a tsakiyar allo, ya rubuta 2L-T a hagu, 1KZ-TE a dama, a cika waɗannan a ƙarƙashin kowanne:

(a) Kuɗin inji, tare da turbo da famfon mai da kik da janareton caji.
(b) Wayoyi da burenbos, in ana bukata.
(c) Giya da kuloci.
(d) Walda, mazaunin inji, salansa da bututun iska.
(e) Lagireto da kayan ruwa.
(f) Sabon bel na taimin, matatu, baƙin mai da batir.
(g) Gyaran birki da tayoyi.
(h) Ladan bakanike da na mai rewaya.
(i) Kuɗin motar 'yan aike, da abincinsu, da na kawo inji gida.
(j) Gyaran takardun mota.
(k) Kwanakin da motar za ta yi ba ta aiki, da abin da za a biya motar haya a kwanakin.

In an tara, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai domin abin da ba a zata ba. Sa'an nan a juya jimillar zuwa buhunan masara bisa farashin kasuwarku, domin kowace tsohuwa da ke wurin ta gane nauyin abin da ake magana. Wanda bai iya karanta sifiri shida ba ya san buhu arba'in sarai.

In lissafin ya nuna sai an ci bashi da sunan amfanin da ba a girbe ba tukuna, ku dakata. Kada kuma a taɓa kuɗin taki domin inji. Mota mai ƙarfi ba ta da amfani in babu abin da za ta ɗauka.

5. Shawararmu

Ga 'yan'uwan da suka rubuto, mun ce su ɗauki 2L-T, mai famfo marar kwamfuta. Motarsu LN ce, suna nesa da birni, asusunsu kuma ba shi da zurfi. Kuɗin da ya ragu su zuba shi a lagireto da birki da tayoyi. Za su sami ƙarfi fiye da na dā, motar kuma za ta komo aiki da wuri.

Ga ƙungiyar da take kan tudu, tana da gwanin rewaya kusa, kuma lissafinta ya cika ba tare da bashi ba, 1KZ inji ne nagari. Amma a saye shi cikakke. Hanya mafi kyau ita ce a sayi rabin mota, watau gaban motar da aka yanka, da inji da giya da wayoyi da burenbos da lagireto duk a haɗe yadda suka fito. In an dace da 1KZ-T marar kwamfuta, ya fi sauƙi ga mutanen ƙauye.

Akwai kuma hanya ta uku da taron bai kawo ba. In hanyarku fili ce, ku yi tunanin 3L ko 5L marasa turbo. Ba su da sauri, amma suna da haƙuri, sun kuma fi jure wa direban da bai ƙware ba. Ba abin kunya ba ne ƙungiya ta ce turbo ya fi ƙarfinta bana.

6. Ranar saye

Ana samun irin waɗannan injuna a manyan kasuwannin kayan mota, kamar Ladipo a Legas, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna. Kada mutum ɗaya ya tafi. A aiki ma'aji, da dattijo ɗaya, da bakaniken da shi ne zai ɗora injin. Wannan yana tsare kuɗi, yana kuma tsare sunan ɗan aike daga zargi.

Ku nemi a tashi injin a gabanku tun yana da sanyi. Inji mai lafiya yakan tashi da wuri, hayaƙinsa ya washe cikin ɗan lokaci. Shuɗin hayaƙi alama ce yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa yana iya zama ruwa ne yake shiga, ko nozul ne suka gaji. Ku buɗe murfin baƙin mai yana cikin aiki. In hayaƙi yana bulbulowa da ƙarfi kamar tukunyar dambu, zobban fistin sun cinye. Ku duba ƙarƙashin murfin da sandar awon mai. In kun ga abu mai kama da kindirmo, ruwa ya haɗu da mai, ku bar shi ko kyauta ne. In an haɗa masa ruwa, ku duba ko kumfa tana tasowa a bakin lagireto ba fasawa, gama wannan alamar tsagaggen tof ce ko gaskit da ya ƙone.

Sa'ad da injin yake a kashe, bakanike ya cire bututun iska ya kama farfelar turbo da yatsa. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi. Amma in tana shiga tana fita, ko tana gogar bango, ko haƙoranta sun karye, turbo ya gama aiki.

Ku karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, da sunan shago, da yawan kwanakin da aka yarda a mayar in an sami aibi. Bayan an ɗora, ku je ofishin lasin a gyara lambar inji a takardun mota, ku sanar da masu inshora. Mu masu bi ne, kada a same mu da takarda mai faɗin wani abu, mota tana faɗin wani.

7. Dokoki ga direba

A rubuta waɗannan a manna a cikin mota.

1. Kowace safiya a duba ruwa da baƙin mai kafin a tashi inji.
2. In an tashe shi a bar shi minti ɗaya ko biyu kafin a taka totur, domin mai ya kai ga turbo.
3. Bayan doguwar tafiya ko hawan tudu, a bar shi yana aiki a tsaye minti biyu ko uku kafin a kashe. In an kashe shi nan take, man da ke cikin turbo yakan ƙone ya daskare.
4. A juye baƙin mai da matatarsa kowane kilomita 5,000. A sayi mai na injin gas a galan rufaffe, kada a sayi na awo a bakin hanya.
5. Da hunturu a duba matatar iska kowane mako. Kada a taɓa tafiya ba matata, gama ƙura tana cin farfelar turbo kamar yadda gara take cin zana.
6. A sha gas a gidan mai da aka sani. A riƙa tsiyaye ruwan da yake taruwa a gindin matatar gas.
7. A sa sabon bel na taimin ran da aka ɗora inji, gama ba wanda ya san shekarun tsohon. A sake shi kowane kilomita 100,000. In ya tsinke ana tafiya, fistin yakan bugi bawul, hasara ta yi yawa.
8. A zuba ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa. Ruwan rijiya sai da larura.
9. In allurar zafi ta wuce inda ta saba tsayawa, a tsaya nan da nan. Kada a ce bari mu ƙarasa gari. Kada a buɗe lagireto da zafi, kada kuma a kwara wa inji ruwan sanyi.
10. Kada a wuce buhu 10, ko wa ya roƙa.

A ajiye littafi a mota, a riƙa rubuta kilomita da mai da kowane gyara. Ma'aji ya karanta shi a taron wata. A kan kowane buhu da motar ta ɗauka kuma a ware wani abu a asusun gyara, domin ran da wannan inji ma zai gaji, kada a sake bin membobi gida gida.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace lamba ce a farantin motarku? Wa ya taɓa dubawa?
2. A shekarar da ta wuce, sau nawa motarku ta ɗauki kaya fiye da kima? Wa ya ba da izini?
3. In motar ta tsaya wata biyu da kaka, wane membanku ne zai fi shan wahala? Yaya za ku taimake shi?
4. Samari da dattawa sun saɓa a kan wannan magana. Yaya ƙungiya za ta yanke shawara ba tare da wani ɓangare ya ji an rena shi ba?

Aikin wannan wata

A zaɓi mutum uku su je wurin bakanikenku da wannan darasi, su karanta masa tambayoyi biyar ɗin, su kawo amsarsa a taro mai zuwa. Ƙungiyar da ta riga ta sake inji kuwa, muna roƙo ta rubuto mana abin da ta gani, mai daɗi da marar daɗi, domin waɗansu su ƙaru.

Addu'a

Ya Uba, kai ne mai ba da ruwa da amfanin gona. Abin da ke asusunmu gumin bayinka ne, har da na gwauraye da marayu. Ka ba mu hikima mu yi lissafi kafin mu soma, ka tsare mu daga son a gani. Ka kiyaye direbanmu da dukan waɗanda za su shiga wannan mota, fitarsu da komowarsu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.